Jan Ruwa a Ɗakin Amarya

Amarya ba ta zuwa wajen jerenta. Luba ta je, da ɗanyen lalle a ƙafa, domin an bugo mata waya cewa bangon ɗakinta yana zubar da jini.

Gidan yana Ƙofar Ɗan Agundi, ginin ƙasa mai zaure uku, kowanne ya fi na gabansa duhu. Ya haura shekara ɗari. A nan angonta Ɗayyabu yake zaune da kakarsa Iya, kuma ya rantse ba zai bar ta ita kaɗai ba.

Saura kwana biyu ɗaurin aure.

A tsakar gida ta tarar Gwaggo Jummai, ƙanwar babanta, ta sa ana mayar da kujeru mota.

"Ke! Amarya a gidan miji tun yanzu? Ina kunyarki?"

"Gwaggo, ɗakina na zo gani."

"Babu ɗaki, babu aure! Ba zan kai 'yar wana gidan aljanu ba."

Jamila, 'yar kawun Ɗayyabu, wadda ta daɗe tana sonsa, tana jingine da bango.

"Ai na gaya muku," in ji ta. "Gidan nan ba ya karɓar bare..."

Luba ta shige ciki. Farin fenti ne sabo, sai sheƙi yake. Daga saman kusurwa wani jan abu yana gangarowa a hankali har ƙasa. Ta matsa kusa. Ta dangwala da yatsa ta shinshina.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ta ƙwanƙwasa bangon, ya amsa da tauri.

"Ɗayyabu, wa ya shafe ginin ƙasa da siminti?"

Yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, sahibata. Na ga a gidan bulo kika tashi, kada danginki su raina mu..."

"Indararon rufin fa?"

"Na sa an toshe. Yana ɓata fentin waje."

Daga ɗaki Iya ta ɗaga murya.

"Na gaya wa ja'irin nan! Gidan ƙasa numfashi yake yi. Ka toshe masa hanci, ka toshe masa mafitsara, ina kake so ya kai ruwan jiya?"

Aka kafa tsani. Luba ta riga kowa hawa, Gwaggo tana ta salati. Ruwa ne kwance a kan rufin har idon sawu, ya jiƙa jar ƙasa yana ratsa bango.

Ɗayyabu ya ɗauki taɓarya ya daki simintin da ya toshe indararon. A bugu na uku ruwan ya ɓalle.

Jamila ce a ƙasa, ta matso kallo.

"Wayyo leshina!"

Gwaggo ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta nutsu ta ce, "A sauke kujerun. Amma yaro, wauta irin taka ta fi aljani ban tsoro."

An ɗaura aure ranar Asabar.

Makon farko ango da guduma ya yi shi, yana ɓamɓare siminti. Amarya tana zaune a kujera, tana firfita.

"Zuciyata, hannuna ya yi kanta..."

"Sannu, angona. Ga sauran can ta bayan ƙofa."