Lambar Yabon Aisa

Lambar yabon tana rataye a wuyan Aisa lokacin da ta hango Sa'id tsaye a ƙofar gidansu a unguwar Mafoni. Yanzu ta dawo daga taron da aka karrama ma'aikatan jinya da suka kula da waɗanda rikicin Boko Haram ya ritsa da su.

Fuskarta ba ta nuna komai ba.

A da saura kaɗan a sa musu rana. A lokacin tana aiki a tantin 'yan gudun hijira, tana ɗaure raunin harsashi. Da kwalara ta ɓarke, ita ke wanke matan da suka mutu, don dangi ma tsoro suke. Ruwan magani ya cinye mata fatar hannu, ko lalle ba ya kamawa.

Munira, 'yar kawun Sa'id, mai sonsa a ɓoye, ita ta kai wa mahaifiyarsa, Ya Ammatullahi, labarin wankan gawa. Ranar da Aisa ta je gaisuwa da burabisko na hannunta, Ya Ammatullahi ta buɗe kwanon, ta dubi yatsun Aisa, ta rufe. Ta ce ba za ta ci abincin hannun da ya saba da matattu ba.

Sa'id yana zaune a wurin. Tabarma kawai ya zuba wa ido.

Daga ranar ya ɗauke ƙafa.

Yau ga shi da sabuwar hula. Ya ce mahaifiyarsa ta gan ta a talabijin, har ta kira maƙwabta tana nuna musu surukarta. Munira kuwa tuni ta yi aurenta. Yanzu babu sauran matsala.

"Aisata... ban taɓa daina sonki ba. Ki ba ni dama in turo."

Ta so ta yarda, wallahi ta so. Sai ta miƙa masa tafukanta, duk tabo, ta tambaye shi ko Ya Ammatullahi ta ga waɗannan a talabijin.

Ya sunkuyar da kai, irin na ranar nan.

Ta cire lambar, ta saka masa a aljihun gaba.

"Kai mata wannan. Lambar take so, ita ba ta taɓa gawa ba."

Ya kira sunanta. Ta shige ta turo ƙofa, ta jingina da ita tana kuka mara sauti har ƙarar keken a-daidaita-sahun da ya zo da shi ta ɓace.

Sannan ta wanke fuska ta ɗauki farar rigarta. Aikin yamma ne da ita.