Ramin Yatsa a Ƙafar Kumatu

Tun daga bakin ƙofa Nas ta jiyo dariyar surukarta. Mako shida ke nan da asibiti ya tura ta kwas na koyon ciyar da masu ciki da ƙananan yara, kuma ranar da za ta tafi Mama ta yaye mata 'ya da ƙarfin tsiya, wai macen da ta zaɓi aji ba ta da bakin magana a kan goyo.

"Ga Likita ta zo hutu," in ji Mama, tana rausaya yarinyar a cinya. "Zo ki ga aikin jahilai. Ruwan shinkafa da sukari kawai nake ba ta, dubi ƙiba. Ni Kumatu ma nake ce mata yanzu."

Nas ta karɓi 'yarta, ta duba ta da kyau. Gashin ya yi ja, yarinyar ko murmushi babu. A makon nan malamarsu ta koya musu: ka danna babban yatsa a bayan ƙafar yaro, ka ƙirga uku, ka ɗaga. In ramin ya zauna, kumburin yunwa ne. Ta danna, ta ƙirga, ta ɗaga. Ramin ya zauna kamar a kwaɓin fulawa.

"Mama, ba ƙiba ba ce. Jikinta ya rasa abinci mai gina shi. Sai an kwantar da ita yau."

"A gidana ake kiran yunwa?" Mama ta juya wajen ɗanta, makanike, da ke wanke baƙin mai a bakin famfo. "Ka ji ko? In ta tsallake ƙofar nan da jikata ka ba ta takardarta, in ba haka ba ban yafe maka nonona ba."

Nas ta dubi mijinta. Mutumin da ya shekara uku yana jiranta a ƙofar asibiti kafin ta ce tana son sa, wanda da hannunsa ya cike mata fom ɗin kwas ɗin.

"Ki ba Mama haƙuri," ya ce, kansa a ƙasa. "Ki ce kuskure kika yi, shi ke nan."

Ta durƙusa ta ba da haƙuri, amma ta ƙi cewa kuskure ne. Ta goya 'yarta ta fita tana kuka. Washegari ƙanwarsa ta kawo mata takardar saki ɗaya har gadon asibiti, ta ajiye takardar kusa da kofin madara, ko yarinyar ba ta kalla ba.

Abin da ya fi mata ciwo, a ɗakin da aka kwantar da 'yarta ajinsu ke zuwa gwaji. Da malama ta ga gadon wace ce sai ta yi niyyar wucewa.

"Ku tsaya," Nas ta ce. Ta yaye zane, ta danna ƙafar 'yarta a gaban ƙawayenta goma sha biyu. "Ku kalla da kyau. Ni nas ce, kuma a gidana aka yi wannan."

Rana ta tara makanike ya shigo. Kumburin ya saɓe, yarinyar ta koma ƙashi da fata, amma tana tsotsar cokali. Ya tsaya kamar an dasa shi.

"Na danna ƙafata," ya ce. "Na danna ta 'ya'yan maƙwabta duka. Ta kowa tana dawowa. Na cuce ki, na cuci 'yata. Na mayar da ke, in za ki iya kallona."

Nas ta gyara wa yarinyar kwanciya. Ta miƙa masa kofi da cokali, ta nuna masa yadda ake ba ta kaɗan-kaɗan. Sai da ya kwana biyar yana wannan aikin kafin ta ce ta yafe.

Mama dai har yau ba ta furta haƙuri ba. Amma kullum da safe sai ta dafa wa yarinyar ƙwai, ta faki ido ta danna ƙafarta, leɓɓanta na ƙirga uku.

Biyayya ga iyaye wajibi ce, haƙuri kuma yana da lada. Sai dai haƙurin da Nas ta yi na cin mutunci ne da saki. Da ta yi shi a kan ran 'yarta, da kabari za ta je ta ba haƙuri.