Makin Lamba Bakwai

"Mayar mana da shi minti na goma sha biyu," in ji Farfesa.

Auta ta danna kwamfutar. Ɗakin binciken ƙarami ne, tagarsa ɗaya, ita ma an ja mata labule don hoton ya fito. A allon, wani malamin lissafi ne durƙushe gaban wata ɗaliba, yana nuna mata yadda za ta raba da'ira a kwamfutar hannu.

Shekara biyu ke nan mahaifinta, Farfesa, yana binciken ko kwamfutocin nan na ƙara wa yara fahimta. An kafa kyamara a azuzuwa goma, malaman kuwa ba a kiran sunansu, sai lamba. Wannan na allon shi ne Lamba Bakwai. Aikin Auta shi ne ta kalli darasin kowa ta ba shi maki, kuma Abba ya kafa doka: mai ba da maki ba ya hulɗa da wanda ake aunawa.

To, zuciya dai ba ta karanta dokar ba. Ranar da ta je canza batirin kyamara suka haɗu da Lamba Bakwai, yau wata takwas suna soyayya a ɓoye. Don kada a gane, sai ta riƙa danne masa maki. Inda ya cancanci tara, ta rubuta huɗu. Ita a ganinta dabara ce.

"Ranka ya daɗe, shi ne na ƙarshe a jeri," in ji Dakta, mataimakin Abba, wanda ya daɗe yana neman aurenta tana zillewa. "A kwashe kwamfutocin daga ajinsa, a rubuta wa makarantarsu cewa bai iya ba."

Ya juyo yana mata murmushi. Ya taɓa ganinsu tare, ta kuma san ya sani.

In ta yi shiru, an ɓata wa masoyinta suna da hannunta. In ta yi magana, duk makin da ta bayar ya zama shara, aikin Abba na shekara biyu ya zube.

"Auta, ke kika auna shi. Kin yarda?" in ji Farfesa.

"Abba..."

"Ina jin ki."

"Ƙarya na rubuta. Duk cikinsu babu kamarsa... Ina son sa ne, Abba. Tsoro ya sa na rage."

Farfesa ya cire tabarau ya ajiye. Da ya yi faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

"Ni na koya miki wannan aikin," ya ce a hankali. "Ajiye makullin ɗakin nan. Sunanki ya fita daga binciken, za a sake auna kowa daga farko. Kai kuma Dakta, tunda ban ga ka yi mamaki ba, ka jira ni a ofis."

Washegari ta sami malamin bayan an tashi makaranta, yana jera kwamfutocin a akwatin caji. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ko kalma ba.

Ya ajiye kwamfutar da ke hannunsa.

"Kin san duk wata ana turo mana makinmu?"

"Na sani."

"Wata takwas ina sake tsara darasi, ina cewa ni ne ban iya ba. Har takardar barin aiki na rubuta. Ke nake kai wa kukana, sanyin idona... kina ba ni haƙuri."

"Ka yafe mini, don Allah. Kare mu nake yi."

"Mu kika kare, ko kanki?"

Hawaye suka zubo mata. Tana son sa kamar ranta, amma ta san gaskiya ya tambaya.

"Abba ya huce, ya ce in kana so, ka turo magabatanka," ta ce.

Ya rufe akwatin ya sa kwaɗo.

"Ki gode masa. Na yafe miki, Auta, har zuciyata. Amma duk ranar da kika ce mini na yi daidai, ba zan san ko in yarda ba."

Ya riƙe mata ƙofa ta fita, ya koma ya zauna a ajinsa.