Matar Da Na Sato A Shagon Tela

"Umma ta karanta littafinki."

Haka saurayina ya tare ni da maganar yana tsaye bayan teburinsa a maɗaba'a, ko jaka ban ajiye ba. Na yi murmushi har da gyara mayafi, don a zatona yabo ne zai biyo baya.

"Ta ce me?"

"Ta ce ki je gobe da safe... ke kaɗai."

Sai a lokacin na lura bai kalle ni ba. Ya ɗauki takardun da ke gabansa yana buga gefensu a kan tebur, alhali tun farko a jere suke. Na ce masa, "Abin ƙaunata, faɗa mini gaskiya." Ya ja numfashi ya ce matar nan ta cikin littafina, mai goge tabarau da gefen mayafi kafin ta yanke wa 'yar mutane hukunci, ai mahaifiyarsa ce.

Na zauna a kan kwalin takardu.

Bari in faɗa muku laifina. Ni marubuciya ce, kuma ban taɓa ƙirƙiro mutum daga kaina ba, sato su nake yi. Ina da ƙaramin littafi mai baƙin bango da ba ya barin jakata. Duk inda na zauna, layin asibiti ne ko cikin mota, kunnena a buɗe yake, bakina a rufe. Da sassafe kuma in baje abin da na kwaso, in rubuta shafi uku da hannu kafin gida ya tashi. Ko masu son fara rubutu idan sun tambaye ni sirrin, abin da nake gaya musu ke nan: ku sayi ɗan littafi, ku koyi yin shiru.

To a shagon wani tela na samu babbar ganima. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa duk Laraba, ta zauna kusa da keken ɗinki tana ba matan shagon labarin 'yan matan da ake kawo wa ɗanta. Wannan dariyarta ta yi yawa, waccan ta gaishe ta tana danna waya, ɗaya kuma turarenta ya riga ta shiga ɗaki. In ta gama zazzage yarinya tas, sai ta mayar da tabarau ta ce, "Ni dai ban ce komai ba." Wata biyu ina kai wa telan nan riga ɗaya, yau a rage hannu, gobe a ƙara, don kawai in samu wurin zama. Rigar ta lalace, littafi ya fito.

Shi kuwa mutumin nawa, shi ya buga littafin a na'ura tun daga shafin farko, shi ya gyara mini kurakurai. A wurin gardama kan waƙafi muka saba, har ta kai idan bai ja mini layi a takarda ba sai in ji ranar ba ta cika ba. Ashe tun babi na biyu ya gane uwarsa, ya yi ta dariya shi kaɗai, ya yi gum.

"Don me ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa da kin cire ta," in ji shi a hankali. "Kuma da kin daina zuwa."

Na so in yi fushi, fushin ya ƙi zama. Da na matsa masa, ya ce 'yar ƙanwar Umma ce ta kai littafin. Ita dama ta daɗe tana harinsa, shi ya sa ta bi shafi-shafi da jan biro, duk inda tsohuwar ta yi magana ta ja layi, ta kai wa Umma har ɗaki. Yanzu Umma ta ce a dakata da maganar zuwa wurin mahaifina sai ta gan ni.

A gida yayata ta ce in musa kawai, in ce kama ce. Mamata kuwa ta ce tun ina ƙarama take gaya mini kunnen nan nawa zai ja mini magana. Ni dai tsoro nake ji, domin ina son mutumin nan so na gaske, kuma na ga alamar da birona zan kore shi.

Washegari na same ta a falo, littafina a kan cinyarta, duk ya yi ja. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai rigar da ba ta ƙarewa."

"Ni ce, Umma."

"Ni ce a ciki, ko ba ni ba ce?"

Maganar yayata ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Na ce ita ce, kuma na yi kuskure, ta yafe mini.

Ta ce maganganun duk nata ne, ba ta musa ko ɗaya ba, har ma ta yi dariya a wurin mai turare. Daga nan ta buɗe shafin ƙarshe, inda na sa ɗan ya gaji ya tafi da matarsa, tsohuwar ta rage ita kaɗai a gida tana magana da agogon bango. A nan babu jan biro. Takardar ce kawai ta yi laushi saboda yawan taɓawa.

"Wannan fa, a bakin wa kika ji?"

Na ce ban ji a bakin kowa ba, ni na ga ya dace.

"Wata biyu kina zaune kusa da ni, 'yata. Kin iya kallo, kin iya saurare, amma ko sau ɗaya ba ki ce, Baba, me ya sa? ba."

Kunya ta rufe ni, hawaye suka zubo. Sai ta gaya mini abin da ba ta taɓa faɗa a shagon tela ba. Tun rasuwar mahaifinsa ita da shi ne kawai, kuma yaron ba ya faɗin damuwarsa, ko ciwo yake sai dai a gane. Kowace yarinya aka kawo, tambaya ɗaya take yi mata, ba wadda ta taɓa amsawa. Zancen dariya da turare duk don kada ta tona cikinta a gaban mutane ne.

Ta zare tabarau. Na san abin da ke biyo bayan wannan, ni na rubuta shi.

"Idan ran ɗana ya ɓaci, me yake yi?"

Ban ko yi tunani ba. Na ce ba ya magana, takardu yake tarawa ya yi ta buga gefensu a tebur ko da a jere suke. In abin ya yi tsanani, sai ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya hau share tsakanin maɓallan na'urarsa ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ba a tambayarsa komai, sai a ajiye masa ruwa a gefen hagu a koma a zauna inda zai iya ganin mutum.

Umma ta daɗe tana goge tabarau ɗin, fiye da yadda ya kamata.

"A gida cokula yake jerawa," ta ce. Sannan ta gyara zama ta ce in fito da ɗan littafin nan nawa, ta san yana cikin jaka. Wai tunda sata ta zame mini sana'a, gara in zo ta ƙofa a ba ni da hannu. Ta ba ni labari har azahar, ina rubutu ina tambaya, tana gyara mini. Sharaɗinta ɗaya ne, a littafi na gaba kada in sake barin tsohuwar nan da agogo.

Na yi mata alkawari. Na ce gidan zai cika har ta rasa wurin ajiye tabarau.

Shi ya sa yanzu idan masu koyon rubutu sun tambaye ni, ina ƙara musu abu na uku: bayan kun saurara, ku je ku tambaya.

Da na fito, na tarar da shi a bakin ƙofa riƙe da wasu takardu da ya buga gefensu har sun lanƙwashe. Kafin in buɗe baki, muryar Umma ta biyo ni ta taga.

"Ki ce wa mahaifinki ya sa ran baƙi ranar Asabar."

Muka juya tare. Ta mayar da tabarau, ta ja labule.

"Ni dai ban ce komai ba."