Shanun Inna Tumirah

Safiyar Litinin, Sufeto Darmaji bai ko kurɓi gahawarsa ba aka bugo masa waya daga garin Gumukrejo. Shanu biyu sun mutu, mutanen gari kuma sun kewaye gidan wani dattijo da duwatsu.

Ko da ya isa a kan babur, an riga an gama da tagogin gidan. Dattijon, Baba Kasiman, yana tsugune bayan ƙofa, matarsa na ta rusa kuka. Shi ne mai yi wa gonar gwaji feshi, gonar nan ta bayan gari inda masana ke gwada raken da aka sauya wa ƙwayar halitta don kada maganin ciyawa ya kama shi. Shekara biyu ke nan ba abin da muke musu a kai a rumfar gahawa sai raken nan. Wasu su ce dafi ne, wasu su ce ci gaba ne, har abokai sun daina gaisawa.

A gaban taron ga Alhaji Sukirno, shugaban ƙungiyar manoman rake, mutumin da ya sha rantsuwa cewa ɗigon magani ba zai taɓa gonarsa ba.

"Yallaɓai, tun yaushe nake faɗa? Yau shanu, gobe 'ya'yanmu! Ranar Juma'a in an sauko za mu zauna. Kasiman ya tattara komatsansa, ya gama zama a garin nan."

"To, kafin Juma'ar dai nawa ne," in ji Sufeto.

Ya goya dattijon a babur sai caji ofis. Mu 'yan sandan wurin, ɗakin tsarewa ɗaya tal gare mu, nan ya ajiye shi, don can dutse ba ya shiga.

Mai shanun, Inna Tumirah, mijinta ya rasu tun tuni, kuma shanun nan biyu su ne duk abin da ta mallaka. Likitan dabbobi ya duba ragowar ciyawar da ke kwandonta ya ce maganin ciyawa ne, an dama shi da kauri, an kuma haɗa da na ƙwari.

"Inna, ina kika yanko ta?"

"Gefen shingen gonar gwaji."

"Yaushe?"

"Jiya da hantsi."

"Ke kaɗai?"

"Ni da Allahna, Yallaɓai."

Har aka gama ba ta ɗago ido ba, sai murza bakin zaninta take yi.

Ƙa'idarmu a nan ba ɓoyayyiya ba ce. Duk wanda ya yi feshi, dole ya ɗaura jan tsumma a kan sanda a bakin gonarsa, don masu yankan ciyawar dabbobi su kauce. Sufeto ya zagaya shingen gonar gwaji da ƙafa, ya ƙirga jan tsumma goma sha ɗaya. Ƙasar wurin kuwa fayau take kamar tafin hannu, ko akuya ba za ta sami abin tsinka ba. Matar da ta shekara arba'in da lauje a hannu, ita ce za ta cika kwando a nan? Haba!

Ya shiga wajen shugabar gonar, Dakta Retno.

"Rabonmu da feshi kwana ashirin," in ji ta. "Baba Kasiman bai taɓa saɓa doka ba."

"Raken nan naku, in mutum ya sari gaɓarsa ya dasa a wani wuri, zai tsiro?"

"Rake ne fa, Sufeto."

"An taɓa satar muku?"

"Ko kara ɗaya."

Ya nuna ta taga. "To waɗancan layuka biyun me ya gajartar da su? Azumi suke yi?"

Ta cire tabarau ta goge, ta sake gogewa. Daga ƙarshe ta ce wata biyar da suka wuce an sare layukan ƙaf an kwashe. Ta yi gum da bakinta ne don in labari ya kai sama, rufe gonar za a yi.

"In an yi feshi, kwana nawa ciyawa ke yi kafin ta nuna?"

"Ranar farko kore shar za ka gan ta. Kwana huɗu ko biyar sai ta yi rawaya. In raken gargajiya ne, tare za su ƙone. Namu ne kawai zai tsaya."

Daga nan Sufeto bai ƙara tambayar kowa komai ba. Ya koma rumfar gahawa ya miƙe ƙafa yana zuƙar sigarin kanumfari. Mutanen gari suka ce an aiko musu da malalaci. Abin ya ba ni haushi, don masu faɗin hakan su ne suka yanke hukunci tun kafin shanun su yi sanyi.

Ranar Laraba Alhaji Sukirno ya zo caji ofis da takardar korar Kasiman, cike da sa hannun magidanta. Sufeto ya miƙa masa hannu, ya matse da kyau. Alhaji ya cije leɓe.

"Subhanallahi, Alhaji, me ya sa tafin nan ya ɗuri ruwa haka?"

"Igiyar rijiya ce."

"Allah sarki. Injin ruwan gidanka ya lalace ke nan?"

"E... e, ya ɗan sami matsala."

"Allah ya sawwaƙe. A gaida gida."

Mutumin da rabonsa da riƙe abin da ya fi carbi nauyi an fi shekara ashirin!

Alhamis da sassafe Sufeto ya tsaya ƙofar Inna Tumirah.

"Inna, gobe za a kori Baba Kasiman da matarsa a kan maganarki. Sun haura sittin, ba su da kowa a wani gari. Ɗauko laujenki ki nuna mini inda kika yi yankan. In shingen ne, mu je shingen."

Suka kama hanya. Da suka kai mararraba ta tsaya cik. Hagu gonar gwaji, dama gonar Alhaji. Sai ta durƙushe a kan turɓaya.

"Rani ne, Yallaɓai, ciyawa ta ƙare ko'ina sai cikin rake. Alhaji ya hana shiga tsakiyar gonarsa, wai akwai macizai. Na ce maciji dai ai na saba da shi, na kutsa can ciki inda ba mai ganina. Ban ga tsumma ba, kuma gonar Alhaji ce, wa zai yi zaton magani? Da shanun suka faɗi, wurinsa na fara gudu. Ya ce in ce shinge, zai ba ni karsana."

Suka kutsa cikin raken. Layukan bakin hanya ciyawa ta kai gwiwa, koriya. Bayan layi na ashirin sai komai ya sauya. Ciyawa ta yi rawaya ta kwanta, raken kuwa tsaye, kore shar, ya ɗara na kewayensa tsawo.

A tsakiya ga Alhaji Sukirno, daga shi sai singileti, hannuwa naɗe da ƙyalle, yana yankan matacciyar ciyawa yana cusawa a buhu. Buhu bakwai ya cika, bai ko ci rabi ba.

"Sannu da aiki, Alhaji. Macizan sun bar ka ka shigo?"

Laujen ya faɗi daga hannunsa.

"Wa ya sare layuka biyu a gonar gwaji?"

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Wa ya yi feshi a nan ranar Lahadi?"

"Ni ne," in ji shi, da muryar da ba mu san shi da ita ba. "Matan da ke mana noman ciyawa duk sun koma masana'anta, ciyawa tana cinye ni. Kullum in wuce in ga na gwajin ya fi nawa kyau. Na ce bari in gwada kaɗan, ba wanda zai sani. Ban iya haɗin maganin ba, na zuba da yawa."

"Tsumma fa? Tsumma ɗaya, Alhaji. Ko rupiya ɗari ba za ka kashe ba."

"Ni? Jan tsumma a bakin gonata? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Shi ya sa ka ba su Kasiman su kalla."

Sufeto ya buga masa ankwa, ya ɗora masa buhu ɗaya a ka, suka bi ta tsakiyar gari. Suka wuce ta gaban rumfar gahawa. Masu cewa raken dafi ne da masu cewa ba dafi ba ne, duk suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Musun nasu dai yana nan, Sufeto bai zo raba shi ba.

A caji ofis aka buɗe ɗakin, ɗaya ya fito, ɗaya ya shiga. Baba Kasiman ya rusuna don sabo, ya ce, "Alhaji, barka da hantsi." Alhaji ya juya fuska ga bango.

"Baba, ka tafi gida," in ji Sufeto. "Ba mai korar ka. Sun gani da idonsu."

Dattijon ya fita har bakin titi, ya tsaya yana duban hanyar garin. Sai ya dawo ya zauna a kan bencin ƙofa.

"Yallaɓai, wanda ya fara jifan, ni na haƙa kabarin ubansa. Na biyun, matata ce ta karɓi haihuwarsa. Ka bar ni in ɗan zauna a nan. Ban san yadda zan gaishe su ba tukuna."