Garken Mai Tafki

Rana ta gangara bayan rumbunan Alhaji Mannir, a gidansa da ke bakin garin Malumfashi, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Kaka ce. An baza masara a tsakar gida tun hantsi, kaji sun gaji da satar ta sun hau turke. Hajiya Barakatu, matar gidan, tana madafa tana tuƙa tuwo, ladani kuma ya soma gyaran murya a masallacin unguwa.

A lokacin ne wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ba ƙarar dutse ya yi ba. Nauyi ne da shi da danshi, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma daga sama. Hajiya ta tsayar da muciya ta saurara. Wani ya sake faɗowa, wani ya biyo shi, sannan gidan ya yi tsit, har kajin ma suka daina motsi.

Da Alhaji ya dawo daga sallah ya haska fitila, sai ya ga abin da ya gangaro ƙasa. Curin baƙar laka ne, mai wari irin na ruwan da ya daɗe a kwance, a cikinsa kuma ƙananan katantanwa na motsi a hankali. Babu tafki a unguwar. Ruwan sama ma ya ɗauke tun tuni.

"Hajiya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ina Zaituna?"

Zaituna ita ce 'yarsu, tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta ilimin halittu. Aikin binciken da aka ba ta na kammala karatu a kan tsargiya ne, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. Tsutsar ciwon tana girma a cikin ƙananan katantanwar ruwa, ta fito, ta huda fatar duk wanda ya shiga wanka. Malaman jami'a sun tafi yajin aiki, an rufe ɗakin gwaji, ita kuwa Zaituna ba mai zama ba ce. Sai ta kwaso aikin ta kawo gidan ubanta, kuma wallahi ba kowace uwa ce za ta jure abin da Hajiya Barakatu ta jure ba.

Kwalabe ne na fitsarin yaran ƙauye, wani ja, wani kamar ruwan wankin nama, ta jera su a cikin firjin da Hajiya ke daskarar da zoɓon sayarwa. Ranar da Hajiya ta gano haka, duk zoɓon ta zubar, ta kwana tana tofar da yawu. Ga robobin ruwa a bayan ɗaki cike da katantanwa, ana yanka musu latas kamar wasu baƙin girma. Rariyar tankaɗen gidan ma da ita aka kwaso su.

Daga wani tafki ta ɗebo su, a wani ƙauye can gaba da Gozaki. Mutanen wurin suna da al'ada: duk mai ɗaukar wani abu daga tafkin, ko kifi ne ko laka, sai ya yi sallama ya zuba ɗan nono a bakin ruwa tukuna. Wata tsohuwa mai wanki ta gaya wa Zaituna haka. Zaituna ba ta yi mata rashin kunya ba. Ta ce to, Inna, ta ci gaba da tsoma rariya, don rana ta yi zafi kuma mai babur yana jiranta.

Tun daga magaribar da lakar nan ta fara faɗowa, gidan bai sake ganin faɗuwar rana lafiya ba. Da zarar inuwa ta cinye tsakar gida, sai jifan laka ya soma. Bayan jifan sai murya ta taso daga bayan katanga, ta tsoho, tana irin kiran da makiyayi ke yi wa shanu in zai kora su gida. Kuma katantanwar suna amsawa. Sukan fito daga robobi a jere, su bi ta kan masara suna barin yauƙi mai sheƙi, su hau bango, su shiga randa. An wanke randar da toka, washegari an same su a gindinta. Wata rana Alhaji ya yanko lomar tuwo, ya ji abu ya yi ƙaras a haƙorinsa. Bai ƙarasa zaure ba ya amayar da duk abin da ke cikinsa.

Ya ce a zubar da ƙazantar nan. Zaituna ta durƙusa ta roƙe shi, ta ce in aka zubar shekararta ta tafi a banza, ya ƙara mata haƙuri kaɗan. Shi kuwa yana son yarinyar nan fiye da yadda yake nunawa, sai ya ƙyale ta.

Ran da abin ya kai ga jikinta, Hajiya ce ta gani. Ta zaga bayan ɗaki ɗauko tsintsiya, ta tarar da Zaituna tsugune a kan makwarara, zaninta ya jiƙe da ruwan wanke-wanke, kumatunta sun kumbura. Hajiya ta kira sunanta. Yarinyar ta juyo a hankali, ta buɗe baki. Cike yake da katantanwa, da ransu, suna yawo a kan harshenta, yauƙi na zuba ta haɓarta.

"Sanyi suke ji," in ji wata murya daga bakin, wadda ba ta Zaituna ba.

Hajiya ba ta yi ihu ba. Sai dai ta zauna daɓas a cikin ruwan ƙazantar.

Aka kai ta wani asibiti a Funtua, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba. Ta daina cin abinci. Ta ƙi tabarma, sai wuri mai danshi. Fatarta ta yi santsi da wani maiƙo da sabulu ba ya fitarwa, warin laka kuma ya kama ɗakinta har uwar da ta haife ta sai ta toshe hanci kafin ta shiga, tana kuka tana jin kunyar toshewar. Yarinyar tana ƙarewa a kan idonsu. Alhaji ya hau mota ya tafi Kafur ya ɗauko Malam Mahadi.

Malam Mahadi dattijo ne siriri, ba ya son yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya leƙa robobin, ya leƙa firjin, ya yamutsa fuska. Ya sa aka zaunar da Zaituna a tsakar gida aka lulluɓe ta, uwar ta riƙe kafaɗunta, uban ya tsaya a gefe. Ya soma karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, har hasken rana ya koma ruwan ɗorawa. Sai jikin yarinyar ya soma murɗewa a hankali.

Muryar tsohon nan ta fito daga bakinta. "Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Makiyayi ne. Tafkin nan nawa ne tun ba a sari daji an yi ƙauyen ba."

"Me ya haɗa ka da baiwar Allah?"

"Garkena ta kora." Muryar ta yi kauri da ɓacin rai. "Ba sallama, ba nono. Ta zo da rariya ta kwashe mini dabbobi, ta zuba su a roba, tana ba su ganye kamar awaki. Ku mutane ƙazamai ne. Wa ke ajiye fitsari inda yake ajiye abin sha?"

"To kai da me kake kiwon su?"

Bakin Zaituna ya yi murmushin da bai dace da fuskarta ba. "Yara suna shigowa wanka. Su bar mini ɗan fitsarinsu a ruwa, in ba su 'yar tsutsa su tafi da ita. Garke ya yi ƙiba. Iyayensu ma murna suke, in yaro ya yi fitsarin jini sai su ce ya zama namiji."

Hajiya ta kau da kai ta tofar. Malam Mahadi ya ce, "Allah wadaran wannan kiwo. Fita daga jikinta."

"Zan fita. A mayar mini da garkena, ko ɗaya kada ya ɓata."

"Za a mayar."

"Saura ɗaya. Na ga abin da ke ranta. So take ta rubuta sunan tafkina ta kai wa manya, su zo da magani su zuba a ruwa, su kashe mini dabbobi, su hana yara shiga. Sunan tafkin nan kada ya fita daga bakinta, kada ya fita daga hannunta. Ran da ya fita zan dawo, kuma ran nan babu karatun da zai fitar da ni."

Malam ya girgiza kai. "Wannan ba za ka samu ba. Ba na ƙulla alkawari da kai a kan jinin 'ya'yan mutane." Ya juya wajen Alhaji. "Ka yi haƙuri, Alhaji. Zai fita ko yana so ko ba ya so, sai dai zai ɗauki lokaci."

Ya koma karatu. Nan take wuyan Zaituna ya sanƙare. Numfashinta ya koma wani gurgur kamar ruwa na bin toshasshen bututu, idanunta suka juye, wani baƙin ruwa ya soma ɗiga daga hancinta yana ɓata mayafin. Hajiya ta ji kafaɗun da take riƙe da su suna yin sanyi.

"Alhaji," ta ce, "tafiya take yi."

"Na yarda," in ji Alhaji Mannir.

Malam ya ɗago kai. "Alhaji, kada ka..."

"Allah gafarta Malam, 'yata ce. Na yarda. Na ɗaukar mata alkawari, ba za ta faɗa ba, ba za ta rubuta ba."

Malam Mahadi ya dakatar da karatu. Ya sunkuyar da kai. Zaituna ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife, ta amayo baƙin ruwa mai yawa a kan ƙafafun uwarta. Can bayan katanga aka ji kiran makiyayin nan yana nisa, yana nisa, har kiran sallar magariba ya rufe shi. Malam ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ko ruwan gidan bai sha ba ya tafi.

Da sassafe Alhaji da kansa ya ɗaure robobin a bayan babur, da ƙwaryar nono, ya nufi hanyar Gozaki. Kwalaben kuwa Hajiya ta tura su masai, ta wanke firjin har hannunta ya saɓule.

Sai da Zaituna ta yi kwanaki tana barci tana shan kunu kafin ta iya tsayuwa. Ta zaga bayan ɗaki ta ga wayam. Uwar ta zaunar da ita ta gaya mata komai, ba ta rage ba. Zaituna ta saurara har ƙarshe, sannan ta tashi tana dafa bango ta nufi zaure, inda ubanta ke ɗinke buhunan masara.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, Zaituna. Jiki ya yi ƙarfi?"

"Da sauƙi, Baba." Ta durƙusa. "Baba, yaran nan da na gwada, kusan dukkansu akwai jini. Har da 'yan mata ƙanana. In aka bar shi yana lalata mafitsara, wasu har ƙoda. Magani ne da shi, kuma ba wuya. Abin da ake bukata kawai a san wurin."

"Na sani."

"To yanzu shi ke nan? Su ci gaba da shiga?"

Alhaji bai ɗago ba. Ya soka basilla a bakin buhu ya ja zaren.

"Su ma suna da iyaye," ya ce. "Ni ke na haifa."

Zaituna ta dube shi. Tana son mutumin nan, ta kuma san don ita ya yi, amma a wannan lokacin ƙyamarsa ta ji, ta ji ƙyamar kanta da take durƙushe da lafiyarta a kan wannan ciniki. Ta buɗe baki za ta ambaci sunan tafkin, ko da sau ɗaya, ko da a nan zauren da babu kowa sai su biyu. Sai ɗanɗanon laka ya taso mata daga maƙogwaro, mai sanyi, mai yauƙi.

Ta haɗiye shi. Ta ce, "A huta lafiya, Baba," ta koma cikin gida.