Motar Da Ta Ƙi Amsawa

Rana tsaka, ba kowa a gareji sai ni, wani dattijo ya shigo da baƙar mota ya tsaya a gabana.

"Mai wayarin, duba min ita," in ji shi. Muryarsa kamar mai kurkure baki.

Ina buɗe ƙofa wari ya buge ni, irin na kifin da ya kwana uku a leda. Na toshe hanci, na jona na'urar gwaji a ƙasan sitiyari. Irin motar nan ƙwaƙwalwarta kashi-kashi ce, waya biyu ke haɗa su suna magana. Na kira ƙwaƙwalwar inji da na'urar, shiru. Na kira ta giya, shiru. Ta birki ma ba ta amsa ba.

Na ɗaga kafet, na zare soket, na hura shi da baki yadda muka saba. Laka mai yauƙi ta fantsamo min a leɓe, har da tsutsa. Na tofar, na yi ta kakarin amai. Wayoyin sun ruɓe sun yi kore, suna marmashewa a hannuna.

"Haba Baba, wannan ƙazanta fa! Motar nan ta shekara a ruwa, ko tashi ba za ta yi ba. Ya aka yi ka tuƙo ta?"

Sai idona ya sauka kan ƙafafunsa. Sun kumbura, sun yi fari fat, wandonsa na tsiyaya.

"Ka kira ba su amsa ba ko?" Ruwa ya zubo daga bakinsa. "Ni ma haka na yi ta kira daga cikinta."